Fanbel ɗin Motar Baba

Jama'a, yau igiyar roba ta kashe min jiki!

Za mu Batsari daga Safana a tsohuwar motar Baba, wadda ta girmi ƙanena. Baba ya ce sai an canza fanbel, wato igiyar robar injin, tukuna.

Na ce, "Haba Baba, lafiyarsa lau, ga tsadar rayuwa!"

Ya ce, "Ni ba na jiran abu ya mutu."

Muka je gareji ina ta ƙunƙuni. Bakanike ya ciro tsohon, ya ɗan lanƙwasa shi. Ɓas! Ya tsinke a hannunsa!

Ya ce, "Ta ina za ku bi?"

Na ce ta Runka. Hanyar da ko fitsari ba a tsayawa yi saboda 'yan bindiga.

Baba ya miƙo min guntayen, ya ce, "Ajiye. Wata rana motar taka ce."