Umman Sashe Za Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ofis, ta kunna na'urar buga takardu, ta jera wasiƙun malamai a gurabensu. Ita ce sakatariyar sashenmu a jami'a, shekara ashirin da shida ke nan. Ɗalibai suna ce mata Umman Sashe. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma tun da na ji ranar hankalina bai kwanta ba.

Akwai aikin da take yi wanda ba wanda ya sa ta. Ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawa, takan tsaya ta taga tana kallon allon sanarwa. Ba ruwanta da masu ihu. Wanda ya duba sau biyu ya sulale shiru, shi take aikawa a kira mata. Sai ta haɗa shi da ɗan ajin ƙarshe, su riƙa zama duk Laraba. Sharaɗinta ɗaya ne: sai wanda shi ma ya taɓa faɗuwa darasin da yaron ya faɗi.

Bara wata ɗalibata 'yar ajin farko ta faɗi darussa uku. Ta haɗa kayanta, ta ce gara ta koma gida ta gaya wa babanta karatun ne ba ta so. Umma ta zaunar da ita, ta kira wata 'yar ajin ƙarshe, ta ce ta faɗi makin da ta ci a shekararta ta farko. Waccan ta rufe fuska tana dariya: "Haba Umma, sai kin tona min asiri?" Sha tara bisa ɗari. Ɗalibar tawa tana nan, bana aji biyu take.

Yanzu kwamitin malamai ya karɓi tsarin, kuma mun zaɓi masu mafi yawan maki su zama jagorori. Da na kai wa Umma jerin sunayen don ta buga, ta karanta a nutse, ta ce, "Malam, waɗannan ai cewa za su yi a ƙara karatu. Wanda ya faɗi ya riga ya san wannan."

Umma, ke ce kika gane cewa kunya kan kori ɗalibi tun kafin jami'a ta kore shi. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Abokan aikina, sakamako zai fito mako biyu bayan tafiyarta, kuma har yanzu ba mu da wanda ya dace mu haɗa yaran nan da shi. Kwamiti zai zauna ranar Litinin. Mu sake jerin nan tun tana nan da za ta gyara mana. Wanda ya taɓa faɗuwa a cikinmu, ya daure ya zo da makinsa.