Wuyan Keken Kawu Ishaya

Ranar Talata da hantsi, ina ofis a Birnin Kebbi ina gyara labarin wani abokin aiki, Mama Rifkatu ta kira ni. Ba ta tsaya gaisuwa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ladi, kawunki ya faɗi a gangaren Dabai." Na tambaye ta asibitin da aka kai shi. Sai ta ce, "Ki taho gida kawai."

Kawu Ishaya wan mahaifiyata ne, kuma shi da matarsa Mama Rifkatu suka riƙe ni. Tsohon soja ne. Da ya ajiye kaki sai ya kafa rumfar gyaran keke a unguwar Rikoto da ke Zuru, ya zauna a cikinta har yanar ido ta tashe shi. Mutum ne marar yawan magana, mai tsari har ya ba ka haushi. In ya kwance keke, kowane noti sai ya wanke shi da kananzir ya jera a kan tsumma yadda ya cire shi. Bai taɓa miƙa wa mutum keke ba sai ya hau da kansa, ya kai kwanar coci ya dawo, ya damƙe birki biyu. In mai keken ya ce yana sauri, sai ya ce, "Jira dai. In zai ka da mutum, ya fara da ni." Manoman da ke sauko da dawa daga tudu sun san wannan, shi ya sa suke wuce rumfuna uku su zo tasa.

Da tsufa ya zo, ciwon baya ya hana shi sunkuyawa a kan keke, shi kuwa ya ƙi daina zuwa gonarsa ta Dabai. Ni na sayo masa sabon wuyan keke, irin mai gaɓa, wanda ake ɗagawa ko a sauke don kan keken ya zo daidai da zaman mutum. Ni na sayo, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Ranar da na kai masa, ya yi ta shafa shi da yatsu tunda ido ba ya gani sosai, ya sa na karanta masa takardar da ke cikin kwalin. "Har ƙananan rubutun," in ji shi. "Wanda ya ƙera abin ya fi mu saninsa." Bayanin ba shi da wuya. A cikin gaɓar akwai haƙora sama da ƙasa. Sai an zaɓi tsayin da ake so, an tabbata haƙoran sun shige cikin juna, sannan a ɗaure ƙusar da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen ɗauri, daidai bakinta. Ya gyaɗa kai, ya ce zai kai wa mai gyaran bakin kasuwa, tunda a hannunsa mutumin ya koyi aiki. Na koma bakin aikina da yamma hankalina kwance.

Bayan jana'iza na nemi keken. An jingine shi a bayan rumbu, kansa ya kife har yana taɓa taya. An naɗe gaɓar da baƙar robar tib ɗin taya, naɗi mai kyau. Na sa reza na yanke. Haƙoran ba su shiga juna ba, a kan juna suka hau, kuma bakinsu ya goge ƙal. Kan ƙusar duk ya taune, alamar da filaya aka murɗa ta. Robar ce kaɗai ta riƙe kan keken kwana tara. A rana ta goma Kawu ya damƙe birki a gangare, nauyinsa ya tafi gaba, kan keken ya sulale ƙasa, shi kuma ya bi shi zuwa kan dutse.

Na je kasuwa. Ɗan kasuwar da ke sayar da kayan keke kusa da rumfar mai gyaran, mutumin kudu ne da ya daɗe a Zuru, bai jira na gama tambaya ba. "Madam, ni na ce masa zo ka ari alanki, ga shi nan a teburina. Ya ce shi ba yau ya fara aiki ba. Baba ya tambaye shi sau uku, ka ɗaure? Ya ce na rantse, Baba, ko jirgi ne sai haka." Taku goma ne tsakanin rumfar da teburin. Na auna da ƙafata.

Da aka yi kwana uku, dattawan unguwa suka rako mai gyaran gidanmu. Ya durƙusa a gaban Mama yana kuka. Babbansu ya juyo gare ni, "Ɗiyata, wanga abu ƙaddara ne. A bar wa Allah." Na ce, "Baba, na yarda kwanan Kawu ya ƙare. Wa ya naɗa robar?" Mai gyaran ya ce don ado ya naɗa. Mama Rifkatu ta ɗago kai. "Ado? Don makaho?"

Mama ta ce ita ta yafe, don tana so ta iya yin addu'a. Ban ga laifinta ba. Ni ban yafe ba. Da kuskure ne kawai, da na haƙura, don kowa yana yi. Amma mutumin nan ya san aikinsa bai ɗauru ba, ya san malaminsa ba ya gani, ya rufe wurin da yatsun tsohon za su taɓa su gane, ya kuma rantse masa. Wuyan keken da robar suna hannun 'yan sanda, ɗan kasuwar ya ba da shaidarsa, ni ma na ba da tawa. An aiko mini cewa ina tona wa unguwa asiri. Duk mai sake kawo wannan saƙo ya huta da zuwa. Zan halarci kowane zaman kotu ko da sau nawa aka ɗage, kuma muddin ina numfashi mutumin nan ba zai sake taɓa keken kowa a garin nan ba tare da an san abin da ya yi ba.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Ishaya, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa a wurinka. Ka ƙarfafa Mama Rifkatu, ka zama gatan 'ya'yansa da jikokinsa. Ni ma ka gafarta mini zuciyar nan da ta ƙi yin sanyi. Shi kuwa mai gyaran bakin kasuwa, ka ba shi lafiya, ka tsare shi daga haɗarin hanya, ka kai shi da ƙafarsa ranar da alƙali zai kira sunansa. Amin.