Rasuwar Malam Munkaila da maganar gonar Alela

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga watan Nuwamba, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran yayana Malam Munkaila Abdoulaye, malamin Ingilishi a kwalejin Birnin Konni. Ciwon zuciya ne ya kama shi da dawowarsa daga garinmu Alela, bai kai asibiti ba.

Yaya, ban san mutumin da ya kai ka iya shawo kan mutane ba. Ni horo na iya. Idan na ga ba daidai ba sai in faɗa, a ji ko kada a ji. Kai kuwa sai ka zauna da mutum har ya ɗauka shawarar tasa ce.

Lokacin da idon Inna ya fara dushewa ta rantse ba mai kai ta wurin likita. Na yi mata wa'azi har na gaji. Kai ka zo ka durƙusa ka ce, "Inna, allura za a yi mini, raka ni, tsoro nike ji." Ta yafa mayafi tana yi maka faɗan ragwanci, a can aka duba ta. Na tuhume ka da yi wa mahaifiya ƙarya. Ka ce, "Hanifa, tambayi likita in ban rufe ido ba." Har yau ina auna ko abin da ka yi ya halatta. Inna dai ta ƙara shekaru tana ganin jikokinta.

Ka taɓa gaya mini cewa a Ingilishin da kake koyarwa akwai aikatau guda da ake amfani da shi ga lallashin mutum ya yi abu, da kuma ga maganin da ke kawo barci ko naƙuda. Ka ce a kansa kake daɗewa da ɗalibai, don su gane cewa mai lallashi sanadi ne, yana da rabo a abin da ya biyo baya. Na yarda da wannan, shi ya sa nake tsoro yanzu.

Shanun Alamin, makiyayin da ke sauka kusa da garinmu kowace kaka, sun shiga gonar waken ƙanenmu Jibo tun ba a saki gonaki ba. Jibo ya tara samari da sanduna. Ka hau babur ka tafi. Waɗanda ke wurin sun ce ko sau ɗaya ba ka ce masa kada ya yi ba. Ka roƙe shi ya taya ka tsince waken da ya rage kafin ya lalace, samarin suka jingine sanduna suka sunkuya. Kafin ku tashi ya yi maka alkawarin zai jira mutanen maigari su zaga gonar tare da Alamin su yanke ɓarna, kamar yadda aka saba.

Jiya a zaman makoki na ji Jibo yana cewa, "Da Yaya ni yi alkawali, Yaya kuwa ya tahi." Na kira shi gefe na ce ya ji tsoron Allah. Ya tashi ya tafi. Gaskiya na faɗa, amma ban san ko na ƙara tunzura shi ba. Idan wani ya zubar da jini a Alela, ina tsoron a tambaye ni kasona. Alamin bai janye shanunsa ba, ya ce gudu zai nuna ya ci amana. Ranar Juma'a za a zaga gonar.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa sulhun da ka yi tsakanin bayinsa ya yi nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Zahara'u da 'ya'yanka, da abokan aikinka da ɗalibanka, da Alamin wanda ya zo jana'iza ya tsaya a sahun baya.

Jibo, ta'aziyyarka ce ta ƙarshe. Ban iya lallashi ba, ka san ni. Ranar Juma'a zan zo Alela in tsaya a bakin gonarka har mutanen maigari su gama. Idan za ka ɗauki sanda, a gabana za ka ɗauka.

Ƙanwar mamaci,
Hanifa Abdoulaye, Birnin Konni