Katakon da Mode Kafinta Ya Samo a Mandera

Mode kafinta ya haura shekara ashirin yana sana'a a Boɗinga, amma ba a san shi da ƙera sabon kaya ba. Tsoffin gadaje da akwatunan da mutane suka fid da rai da su yake bi ƙauye-ƙauye a kan babur, ya kankare fenti, ya goge, su dawo sai ka rantse ba su ba ne.

Da Hajiya Ramla, malamar asibiti, ta tashi gyaran gidanta, shi ta kira. Ta ce ba ta son kujerun zamani, tsohon itace take so a falo. Ya zagaya Lambara da Horo Birni bai ga abin kirki ba. A Mandera ne wani magidanci da ke rushe zauren gadonsu ya nuna masa wani dogon katakon maɗaci, faffaɗa, ya yi baƙi ƙirin. Mode ya saya nan take.

Mako biyu yana kansa. Ya yi mamakin yadda tsakiyarsa ta lotsa ta yi sumul, kamar ruwa ya daɗe yana cin wurin. Ya sa masa ƙafafu, ya shafe shi da mai, ya zama benci.

Ranar da aka shiga gida, Inna Tani, gwaggon Ramla da ta yi zaman aure a Mandera, ta zo ganin ɗaki. Ta iske yara zaune a kai suna cin tuwo. Ta shafa gefensa, sai ta ja da baya tana salati.

"Ramla, ku tada ɗiyan ga. Bisa wanga katako anka wanke mijina. Duk mamacin unguwarmu nan aka wanke shi."

Ramla ta tada yaran daga kan bencin. Da aka kirawo Mode ya ji, sai ya kasa haɗa ido da kowa.

Da hannunsa ya cire ƙafafun, ya ɗaure katakon a mota ya mayar Mandera. Dattawan unguwar sun ce sun fi mako biyu suna cigiyar katakon, magidancin a birni ya tashi, bai san mene ne ba. Liman ya sa aka ajiye shi a masallaci. Har yau Mode ba ya ɗaukar tsohon itace sai ya zauna da tsofaffin wurin ya ji abin da ake yi da shi.