Bindigar da Merv Tolhurst Ya Hana Surukinsa

Duk garin Cunnamulla babu wanda bai san tsakin Merv Tolhurst ba. Sana'arsa gyaran shingen waya a gonakin tumaki, shekara arba'in da ɗoriya, amma da bindiga aka fi saninsa. In ka kawo masa taka da datti, zai karɓe ta da yatsa biyu, ya dube ka sama da ƙasa, ya ja tsaki, sannan ya wanke ta tas. Ba don kai yake yi ba, tausayin ƙarfen yake ji.

Shi kansa guda ɗaya ya taɓa mallaka, irin mai mariƙi a ƙarƙashi, wadda in ka tura mariƙin gaba ka dawo da shi sai ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Ranar da ya je sayenta a garin Charleville yana saurayi, guda shida ya sa mai kanti ya sauko masa da su. Ya ture dogayen, don aladen daji a cikin sarƙaƙiyar bakin kogin Warrego yake kwana, inda doguwar bindiga sai ta sarƙe da reshe. Ya rufe ido yana ja wa kowacce mariƙi yana saurare, har mai kanti ya tambaye shi ko aurenta zai yi. Gajeriyar ya ɗauka. Tun daga ranar ba ta taɓa kwana da datti ba, kuma duk inda zai ajiye ta sai ya ɗaure mata baki da ƙyalle.

Yana da shekara saba'in da uku ido ya fara yi masa hazo. Likita ta ce ba mai dawowa ba ne. Ya daina tuƙi, ya kuma san lasisin bindiga ma ƙarshensa ya zo. Dole bindigar ta koma hannun wani mai lasisi, kuma a dangi mutum ɗaya ne, Wade, mijin 'yarsa Raelene.

Merv bai taɓa son Wade ba. Mutum ne mai wanke mota kullum ya manta da zuba wa injinta ruwa. Amma Raelene ita kaɗai gare shi, ta kuma matsa. Aladu sun dame su, suna cinye 'ya'yan tumaki tun uwa ba ta gama lashe su ba. Merv ya ba Wade aronta na wata uku, da sharaɗin in ta dawo yadda ta tafi, ta zama tasa.

Ranar Kirsimeti suka taru a barandar Merv, a can lokacin zafi ne, rana kamar ta narke kwanon rufi, tsiran nama na ƙauri a kan wuta. Wade ya shigo da bindigar yana washe baki.

"To, tsoho, duba ka gani. Ko kai ba ka taɓa sa ta ta yi ƙyalli haka ba!"

Ƙyalli kam ta yi. Merv ya shinshina katakon, ya ji warin man goge mota. Ya ja mariƙi, harsashi ya yi tsalle ya faɗa kusa da kwanon salak.

"Da harsashi ka kawo min ita gida?"

"Haba, ɗaya ne fa. Gobe da safe zan fita da ita, akwai wani ƙaton alade a bakin madatsa."

Merv ya tabbatar babu saura, ya buɗe ta, ya saka farar takarda a ciki, ya ɗaga ta wajen rana ya leƙa ta baki. Duhu. Ya goge ido ya sake. Duhu ƙirin. Gabansa ya faɗi, don ya ɗauka idon ne ya ƙarasa tafiya, a gaban mutane, ranar biki. Sannan ya ce Raelene ta miƙo masa sandar sharewa.

Sandar ta shiga rabin kamu ta tsaya. Ya ƙwanƙwasa a hankali. Busasshiyar laka ta zubo kan tebur, da matattun gizo-gizo a nannaɗe, da wata farar tsutsa mai ƙiba tana motsi. Zanzaro ya gina gida, ɗaki kan ɗaki. Wani ɗan wari ya taso. Wata maƙwabciyarsu da ke cin nama ta ajiye cokali ta tashi.

"A ina ka ajiye ta?"

"A rumfar sausayar tumaki... kwana biyu kawai."

"Kwana biyu! Ina ƙyallen bakinta?"

"Wannan tsumman? Na yar. Muni yake sa ta."

Ƙyama ta cika Merv har wuya, ba ta tsutsar ba. Ita tsutsa aikinta take yi. Abin da ya tsaya masa shi ne ƙaton mutum mai gemu da ya zauna ya goge bayan abu har yana ganin fuskarsa, bai leƙa cikinsa ko sau ɗaya ba. Da Wade ya ja kunamar bindigar washegari da safe, da bututun ya tsage a hannunsa.

"Baba, ƙasa ce fa kawai," in ji Raelene. "Ga shi ka cire."

"Bana ni na cire. Baɗi wa zai leƙa?"



Kwana uku ya yi yana wanke ta da laluben yatsa. Sayarwa ba ta taso ba, garin ƙarami ne, kafin mako Wade zai bi ta ya saye. Rana ta huɗu ya kira Raelene ya ce ta kai shi ofishin 'yan sanda. Ta kai shi.

Sajan da ke kan aiki ya karɓi bindigar, ya ja mariƙin sau biyu, ya yi fito.

"Merv, ka tabbata? In ta shiga nan yanka ta za a yi. Wannan ko man shanu bai kai ta santsi ba."

"Na sani. Ni na raine ta. Nuna min inda zan sa hannu, ba na ganin layin."

Sai Raelene ce ta kama yatsansa ta ɗora a wurin. A ƙofar gida ta tsayar da mota, ba ta kashe inji ba, tana kallon gaba hawaye na zuba.

"Don ka ƙi Wade ne, Baba. Tun farko ka ƙi shi."

Merv ya laluba ya buɗe ƙofa.

"Ƙwarai, ba na son sa. Je ki gida, yana can yana jiran ki da hannuwansa biyu."