Mai Gadin Waya

Shekara goma sha tara Gwak Man-sik ya yi yana tuƙin jirgin sama, rabinsu a jiran gawon shanu suka ƙare. Gidansu na tsibirin Jeju, aikinsa na Incheon. Yarjejeniyar kamfani kuwa ta ce ranar da matuƙi ke jiran kira, da waya ta buga, ya iso cikin awa biyu. Sai ya kama ɗaki kamar akurki kusa da filin jirgi, yana cin taliya yana gadin waya.

Wata safiya yana jiran, yayarsa Ok-bun ta bugo: jikin tsohuwarsu ya rikice, sunansa take ta kira. Ya roƙi mai tsara aiki ya sake shi.

"Haba Kyaftin, ni na rubuta dokar? Daure zuwa ƙarfe shida. In wani matuƙin ya kwanta ciwo, ni zan tashi jirgin?"

Ya daure. Ba wanda ya kwanta ciwo. Shida na yi ya ruga filin jirgi, amma ma'aikaci mai komawa gida sai kujerar da fasinja suka rage. Jirgi uku suka tashi maƙil da 'yan yawon shaƙatawa, yana tsaye da hula a hannu.

Washegari da ya isa gida tsohuwa ta riga ta cika, sai hotonta ya tarar cikin fararen furanni. Yayarsa ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sannu da zuwa, mai jirgi. Kana gadin waya, tana gadin ƙofa."

Tunda ba a kira shi ba, a takardar ƙarshen wata, kamfani ya rubuta wa ranar: hutu.