Ruwan Cikin Hamadu

Shekara tara ke nan da muka kai Hamadu makwancinsa. Ɗan kawuna ne, taubashina, mai busasshen kifi a kasuwar Garuwa. Mutum ne da ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Farcensa da gashin askinsa kuwa da hannunsa yake binnewa, kada su faɗa hannun magabta.

Ciwon hanta ya tara masa ruwa a ciki, har cikin yana riga shi shiga ɗaki, numfashi na neman gagara. A lopital, wato asibiti, aka soka masa allura mai siririn tiyo a gefen ciki. Ruwan da ya fito, wallahi ya isa ban ruwan gonar albasa. Ya sami sauƙi har ya nemi tuwo, amma idonsa na kan kwalaben da aka tara ruwan.

"Ina za su kai min ruwana?"

Ni kuwa baki ba linzami. Na ce, "Kai baƙauye, Faransa mana! Da shi suke haɗa turare. Me ya sa ka ga likita na cewa ka dawo bayan sati biyu?"

Masu jinya suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Da cikin ya sake cika, sai ya hau mota zuwa Bibemi wurin mai saiwoyi. Na bi shi, na rantse wasa nake. Ya ce, "Taubashi, in ba rami me ya kawo maganar rami?" A can ya cika, yana haki a zaune.

Yanzu akwai tiyon da ake bari a jikin mutum, ya riƙa tsiyaye ruwan cikin leda a gidansa. Na gani jikin wani maƙwabcina. Da Hamadu ya riski wannan, da ya binne ruwansa a gindin dogonyaro, hankali kwance. Ko da yake na san shi, sai ya tambayi wa ya ƙera ledar, kuma me ya sa ba ta da kunya, tana nuna wa kowa ruwan cikin mutum.

Bayan rasuwar Hamadu likitansa ya ce min hantar ta riga ta gama, tiyo numfashi kawai yake saya wa mutum. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma ya ga fuskata ne ya tausaya. Magana zarar bunu ce.

Kifinsa ya ƙare, rumfarsa ta koma hannun mai sayar da waya. Zarginsa ne kaɗai na gada. Har gobe ina ba mutane dariya, amma in na shiga gaida marar lafiya, nakan juya maganata in duba bayanta tukuna. Allah Ya jiƙanka, baƙauye.